Rinin ganye da saiwa: da gaske ba shi da guba?

Tambaya: Ina sana'ar rinin yadi da hodar rini ta kanti, abin kuma ya fara damuna. Warin yana shaƙe ni, hannuwana suna tsattsagewa, inda nake zubar da ruwan kuwa ko ciyawa ba ta fitowa. Na ji ana cewa rinin ganye da saiwa ba shi da guba, har ma an fara samar da launi ta hanyar kwaikwayon halittu. Gaskiya ne? Zai iya maye gurbin na kanti?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Kafin komai, idan shaƙewar nan ta kai ga ƙirjinki yana riƙewa ko kina tari da dare, ki ga likita, ki kuma gaya masa sana'arki. Ƙurar hodar rini tana iya jawo asma, an daɗe da sanin haka a tsakanin ma'aikatan masana'antun rini. Tsagewar hannu yawanci aikin soda mai ƙuna ne, warin nan mai kama maƙogwaro kuma na haidirosalfait ne, farar hodar da ake zubawa don launi ya narke.

Abin da kika ji rabinsa gaskiya ne. Asalin launi kaɗai ba ya nuna ko rini yana da guba. Akan ɗauko launi daga ganye a haɗa tukunyar da ta fi ta kanti cutarwa, akan kuma yi aiki da launin masana'anta a zubar da ruwan da bai kai naki illa ba. Duk tukunyar rini sai a yi mata tambaya uku: me ya ba da launin, me ya riƙe shi a jikin zare, me kuma ya rage a ruwa bayan an tsame yadin. Masu tallar "rinin halitta" suna amsa ta farko su yi shiru a kan sauran biyun, alhali a can ne yawancin ɓarnar take.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, kusan duk launin tufafi daga tsirrai, ƙwari da ma'adinai yake fitowa. A 1856 wani matashi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro daga sinadaran kwaltar kwal, sai ya samu wani launi shunayya da ya kama siliki. A 1868 masana biyu a Jamus, Graebe da Liebermann, suka haɗa jan launin da a da sai daga saiwar tsiron mada ake samunsa, noman mada ya durƙushe cikin 'yan shekaru. A 1897 kamfanin BASF ya fito da shunin masana'anta kasuwa. Dole a yi wa wannan sauyi adalci: shi ya sa talaka ya iya sa tufa mai launi wadda ba ta koɗewa. Amma illarsa ta bayyana da wuri. Tun 1895 wani likita a Jamus, Ludwig Rehn, ya lura da yawan sankarar mafitsara a tsakanin ma'aikatan wata masana'antar launi. Daga baya aka gane cewa wasu launuka na dangin azo, dangin da ya fi kowanne yawa a rinin zamani, suna iya warwarewa su saki sinadarai masu jawo sankara, irin su benzidin. A 2002 Tarayyar Turai ta haramta irin waɗannan a tufafin da ke taɓa fata, ta lissafa sinadarai 22 da ba a yarda su wuce miligiram 30 a kowane kilo na kaya ba. Ki lura, wasu ne aka haramta, mafi yawan dangin ba sa sakin waɗannan abubuwa.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani. Launin da aka fi rina auduga da shi yau, wanda ya shigo kasuwa a 1956, ba ya son barin ruwa ya koma jikin zare sai an tilasta shi da gishiri, wani lokaci har giram 100 a lita ɗaya idan launin mai duhu ne. Duk da haka wani kaso nasa yana haɗuwa da ruwan maimakon zaren, ya bi magudana. Gishirin da soda su ne suka fi hana ciyawarki fitowa. A garin Tirupur na kudancin Indiya, abin ya kai ga kogin Noyyal ya daina amfanar gonaki, har a 2011 Babbar Kotun Madras ta ba da umarnin rufe wuraren rini da wankin yadi sama da 700 sai sun daina sakin ruwa gaba ɗaya.

To, bari mu zo ga ganye da saiwa.

Yawancin launin tsirrai ba ya kama zare da kansa, musamman auduga. Sai an sa mariƙi, wato wani gishirin ƙarfe da zai kama zare da hannu ɗaya ya kama launi da ɗayan. A nan ne rinin gargajiya na duniya yake da nasa laifin. Tsofaffin littattafan rini cike suke da kuromiyam, da jan ƙarfe, da kuza, domin suna ba da launi mai haske da ɗorewa. Gishirin kuromiyam da ake amfani da shi yana jawo sankara, yana cin fata. Na jan ƙarfe yana kashe kifi da ƙananan halittun ruwa ko da kaɗan ne ya shiga rafi. Wanda ya rina ulu da ɓawon albasa ya riƙe shi da kuromiyam bai yi rini mai tsabta ba, ko da zai rantse cewa launinsa daga gona yake. Ra'ayina a kan waɗannan ukun ba shi da sassauci: kada su shiga wurin aikinki.

Abin da ya rage mai dama-dama shi ne alif da ƙarfe da tanin. Alif, wanda ake tace ruwan sha da shi, ya isa a kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin busasshen ulu ko siliki, kuma ruwansa ana ƙara masa kaɗan a sake amfani da shi maimakon a zubar. Gishirin ƙarfe yana duhunta launi, amma kada ya wuce kashi 1 zuwa 2, don yana sa ulu da siliki su yi rauni. Ki kuma nisanta shi da yara, shansa yana kisa. Tanin shi ne baurin nan da ke cikin 'ya'yan bagaruwa, da ɓawon rumman, da ɓawon itatuwa da yawa. Auduga tana buƙatarsa da farko, sannan alif ya biyo baya. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga launinsa ya zuba a wanki na biyu. Tanin da ƙarfe idan sun haɗu suna ba da toka-toka zuwa baƙi, haɗin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yin tawada da shi. A Indonesiya ma akwai itatuwa na dangin simfulokos da ke tara alminiyam, ƙarfen da ke cikin alif, a ganyensu, masu saƙar can suna tsintar busasshen ganyen su yi mariƙi da shi ba tare da sun sayi alif ba.

Tsiron shi kansa ba a ba shi shaidar lafiya don kawai tsiro ne. Saiwar mada tana ɗauke da wani sinadari, lusidin, mai iya lalata ƙwayar gado, shi ya sa Japan ta cire launinta daga jerin abin da ake sa wa abinci a 2004. A jikin yadi haɗarin ya yi ƙasa sosai, amma mai daka ta yana shaƙar ƙurar ya kamata ya sani. Sannan ga batun ɗorewa: kurkum yana ba da rawaya mai ɗaukar ido, rana kuma tana cinye shi cikin ɗan lokaci. Rigar da ta koɗe aka jefar da ita bayan wata uku ta ci audugar da aka noma, da ruwan da aka kashe, da itacen da aka ƙona. Ba zan kira wannan rini mai ɗorewa ba, ko da babu ɗigon guba a ciki.

Sai tambayarki ta biyu, ko zai maye gurbin na kanti. A wurin aikinki, ƙwarai, a launuka da yawa. A duniya baki ɗaya kuwa, lissafin ƙasar noma ba ya yarda. Kilo ɗaya na yadi yana cin giram 10 zuwa 40 na launin masana'anta, amma yana iya cin rabin kilo zuwa kilo guda na busasshiyar saiwar mada, saiwar da sai ta shekara uku a ƙasa kafin a haƙa. A 1897 an noma baba a fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 7,000, akasari a Indiya, aka samu tan 19,000 na shuni. Yau abin da masana'antu ke yi ya haura tan 50,000 a shekara, yawancinsa don wandon jins. Wannan fili daga gonakin abinci za a ƙwato shi, kuma an taɓa yin hakan: tilasta wa manoma shuka baba ne ya jawo boren yankin Bangal na Indiya a 1859, shi ne kuma ya kai Gandhi yankin Champaran a 1917. Wani itace mai jan launi na gaɓar tekun Barazil an sare shi har ya shiga jerin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa. Shunayyar sarakunan Rum daga dodon koɗin teku ake matso ta. A 1909 Paul Friedländer ya yi amfani da guda 12,000 ya samu giram 1.4 kacal. Ga kuma foliyesta, wadda ta haura rabin zaren da duniya ke samarwa, launin tsirrai da ƙyar yake kama ta.

Saboda haka ne masu bincike suka karkata daga girbe halittu zuwa koyon yadda halittu suke aikinsu. Tsiro da ƙwaro suna yin launi a cikin ruwa, a zafin da jiki ke jurewa, ba soda mai ƙuna, kuma abin da suka bari yana ruɓewa. Babban malami a wannan fanni shi ne baba, ina so ki fahimce shi sosai domin shi ne zai fi amfanarki.

Ganyen baba ba shi da shuɗi a cikinsa. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi, indikan, wanda sukari ke maƙale a jikinsa. Idan aka jiƙa ganyen ko aka daka shi, sukarin ya rabu, iska ta taɓa abin da ya rage, sai shuni ya fito. Shunin nan ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya shiga zare. Sai an juya shi zuwa siffar da ke narkewa, a cikin ruwa mai kaifin toka wanda babu iska a cikinsa. Shi ya sa yadi ke fitowa daga rinin kore-kore, ya shuɗe a gaban idonki yayin da iska ke bugunsa: shunin ya koma siffarsa ta farko, ya maƙale a cikin zaren. Ba ya buƙatar mariƙi ko kaɗan. An samu audugar da aka rina haka a Huaca Prieta ta ƙasar Peru, mai shekara kusan 6,000.

Masana'anta tana yin wannan juyi cikin mintuna da haidirosalfait da soda. Marina na dauri, daga Afirka ta Yamma zuwa Indiya da Japan, sun bar wa ƙwayoyin bakteriya aikin. Ana zuba ruwan toka, a ciyar da ƙwayoyin da dusa ko wani abu mai zaƙi, su cinye iskar da ke ruwan, su juya shunin cikin kwanaki. A Tokushima ta Japan ana tara ganyen a yi ta juya shi yana ruɓewa kusan kwana 100 kafin ya shiga tukunya, tukunyar kuma tana iya rayuwa watanni idan ana kula da ɗuminta da abincinta. Wanda ba shi da haƙurin jiran bakteriya yana da hanyar da wani masanin rini Bafaranshe, Michel Garcia, ya yaɗa: awo 1 na shuni, awo 2 na garin toyayyar farar ƙasa da aka riga aka kashe da ruwa (kalsiyam haidiroksaid), awo 3 na sukarin 'ya'yan itace, a ruwa mai ɗumi. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: ƙwayar shunin gona da ta masana'anta abu ɗaya ce. Idan kika sayi shunin gona mai tsada kika narkar da shi da haidirosalfait, warin da ruwan da za ki zubar duk irin na yanzu ne. Idan kika sa shunin masana'anta a tukunyar sukari ko ta bakteriya, huhunki da ƙasarki sun huta, ko da yake can inda aka yi shi an yi amfani da anilin da wasu sinadarai masu haɗari. Sauya abin narkarwa ya fi sauya shunin tasiri a lafiyarki.

Daga nan aka ɗauki mataki na gaba, wato sa ƙananan halittu su yi launin da kansu. A 1983 wasu masana a Amurka suka ga bakteriyar da suka sa wa wata ƙwayar gado ta fara fitar da shuni. A 2018 ƙungiyar John Dueber a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta kwaikwayi dabarar ganyen baba kanta: bakteriya ta samar da indikan mai narkewa, a jiƙa yadi da shi, a sa enzayim, wani sinadari da halittu ke yi, ya cire sukarin, shuɗi ya fito a kan zaren ba tare da haidirosalfait ba. Kamfanin Colorifix a Ingila yana ɗaukar bayanin ƙwayar gadon da ke ba wata halitta launinta, ya sa a cikin ƙwayoyin da ake kiwo da sukari, a zuba su a injin rini, su sauke launin a kan yadi, zafi ya kashe su a ƙarshe. Pili a Faransa da Huue a Amurka suna kan hanya makamanciya. Natsai Audrey Chieza, 'yar asalin Zimbabuwe, ta yi suna wajen kiwon wata bakteriyar ƙasa kai tsaye a kan siliki, launinta yana kaiwa da komowa tsakanin shuɗi da ja gwargwadon tsamin wurin.

Ina da kyakkyawan fata a kan wannan hanya, amma kada a ruɗe ki. Ƙwayoyin suna cin sukari, sukari kuma daga gona yake. Tankunan suna cin wuta. Launukan ba su da yawa tukuna, wasunsu rana tana kashe su, tsadarsu ta fi ta na kanti. Wasu launukan bakteriya ma makamai ne da take kashe abokan gabarta da su, don haka sai an gwada su a kan fata da ruwa kamar kowane sinadari.

Akwai kuma launin da babu rini a cikinsa sam. Shuɗin fiffiken wani malam-buɗe-littafi na Kudancin Amurka, mofo, da ƙyallin gashin ɗawisu, daga siffa suke fitowa: siraran shimfiɗu ne da ido ba ya gani, jere a kan juna, suna mayar da wani ɓangare na haske su soke saura, kamar launukan da ke bayyana idan mai ya ɗiga a kan ruwa. Kamfanin Teijin na Japan ya yi zare mai suna Morphotex da shimfiɗu 61 na nailan da foliyesta, kaurin shimfiɗar ne ke zaɓar launi. Bai daɗe a kasuwa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne 'ya'yan wani ɗan tsiro na dazuzzukan Afirka, foliya, masu shuɗi mai walƙiya. A 2012 Silvia Vignolini da abokan aikinta a Jami'ar Kambirij suka nuna cewa launin daga yadda zaren seluloz ya murɗe yake, seluloz ɗin nan da auduga take da shi, kuma samfurin da aka tsinko a Ghana a 1974 bai koɗe ba. Yanzu ana yin ƙyalƙyali da hodar launi daga seluloz a kan wannan dabara. Kafin ta kai ga yadin da zai jure wanki da guga akwai sauran tafiya.

Wasu hanyoyin sun fi kusa da hannu. Ana samun launi daga abin da za a zubar: ɓawon albasa, ɓawon rumman, ƙwallon abokado, ɓawon gyaɗar almon, wanda kamfanin Archroma ya mayar da shi launin masana'anta. Wannan ba ya cin sabuwar gona. Akwai kuma auduga mai fitowa da launinta, ruwan ƙasa ko kore, wadda aka daɗe ana nomawa a Peru, Sally Fox kuma ta inganta ta a Amurka a shekarun 1980 har injin kaɗi ya iya aiki da ita.

A wurin aikinki, ga yadda zan ba ki shawara ki bi. Ki fara da shuɗi, ki kafa ƙaramar tukunyar sukari da farar ƙasa a gefen aikinki na yanzu har hannunki ya saba, domin ita ce za ta raba ki da warin. Farar ƙasar ma tana ƙuna, safar hannu ta roba mai tsawo ba ta zama zaɓi ba, haka takunkumi duk lokacin da za ki auna hoda, ta kanti ko ta saiwa, kuma a waje ko inda iska ke ratsawa. Bayan shuɗi sai tanin da ƙarfe don toka-toka da baƙi, sai rawaya daga ɓawon rumman ko na albasa a kan alif. Rawayar nan idan ta hau kan shuɗi ta ba ki kore. Ja ya fi wuya, kuma mada tana komawa ruwan ƙasa idan zafi ya wuce digiri 70 ko makamancin haka, kada ki bari ta tafasa. Ki wanke sabon yadi da ruwan zafi da sabulu sosai kafin komai, yawancin rinin da ya yi dabbare-dabbare daga nan matsalarsa take. Tukwanen rini kada su koma girki har abada.

Launukan da dole sai na kanti, ki saya daga inda za a ba ki suna da takardar bayanin haɗari, ki nemi masu shaidar OEKO-TEX ko GOTS ko bluesign, wato tambarin masu tantance sinadaran tufafi, ki guji hodar da ake ƙullawa a leda ba suna. Ki auna da sikeli maimakon ƙiyasi, don rarar da kika zuba ƙasa za ta sha.

Ruwan tukunya kuma ki yi ta rina launi mai haske da shi har ƙarfinsa ya ƙare. Na baba da ya mutu, ki kaɗa shi iska ta shiga, ki bar shi ya kwanta, ki tsiyaye na sama ki kashe kaifinsa da ruwan tsami na binega kafin ki zubar, nesa da rijiya da rafi. Laƙar ƙasan tana da sauran shuni, tana komawa sabuwar tukunya. Kafin ki sayar da kowane sabon launi, ki yanki ƙyalle uku. Ɗaya ki rufe rabinsa da kwali ki ajiye a taga mai rana na sati uku ko huɗu, ki buɗe ki gwada ɓangarorin biyu. Na biyu ki wanke shi tare da farin ƙyalle ki ga ko ya zuba. Na uku ki goga shi da farin ƙyalle, busasshe sannan jiƙaƙƙe. Ki rubuta nauyin yadi, da awon mariƙi, da na launi, da zafi, da tsawon lokaci a littafi, ki liƙa ƙyallen a gefe, domin ganyen bana ba lallai ya yi ƙarfin na bara ba, kuma da wannan littafin ne za ki gyara awonki idan mai saye ya dawo yana son irin na wancan karon.